Yadda ake shirya kare don jarrabawar bin sawu, daga safar hannu ta farko zuwa gaban alƙalai

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini. Mutum ya ji ƙungiyar masu karnuka ta yankinsu za ta yi jarrabawar bin sawu, karensa kuwa hancinsa ba ya rabuwa da ƙasa, to ta ina zai fara? Ga amsar daki-daki. Da dokokin AKC zan yi bayani, wato babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, domin da su ƙananan ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta suke shirya jarrabawa. A ƙasashen da ke bin tsarin FCI, wato ƙungiyar masu karnuka ta ƙasa da ƙasa, irin su Jamus da Faransa, maki ake bayarwa cikin 100, igiya kuma mita 10 ce, amma horon farko kusan duk ɗaya ne.

Tun yanzu ka sa wannan a ranka: ba kai za ka koya wa kare shinshina ba, da ita aka haife shi. Abin da zai koya a hannunka shi ne ya riƙe warin mutum ɗaya, ya bi shi har ƙarshe. Kai kuwa naka darasin ya fi nasa wuya, domin sai ka koyi bin bayan kare zuwa inda ba ka sani ba, ba tare da ka yi masa hannunka mai sanda ba.

1. San abin da za a tambaye ka

Matakin farko shi ake kira TD. Wani baƙo ne zai taka fili ya bar sawu mai tsawon yadi 440 zuwa 500, wajen mita 400 zuwa 457 ke nan, da kwana, wato wurin juyawa, guda 3 zuwa 5 a cikinsa, kuma kowane zango tsakanin kwana da kwana ba ya gaza yadi 50. Za a bar sawun ya sha iska daga minti 30 zuwa awa 2 kafin a kira ka. Tutoci biyu kacal za ka gani: ɗaya a mafari, da ɗan ƙyalle mai warin mutumin a gindinta, ɗaya kuma yadi 30 a gaba, tana nuna inda sawun ya dosa. Daga nan babu wata alama sai safar hannu ko walat da aka yar a ƙarshe. Alƙalai biyu na biye da ku. Babu maki, babu na ɗaya da na biyu, ko dai an ci ko an faɗi. Babu kuma ƙayyadadden lokaci muddin kare na aiki. Kare ɗan wata 6 zai iya shiga, tsoho ma haka.

Hattara: akwai wata gasa daban ta neman ƙamshin mai da aka ɓoye a akwati ko a ɗaki. Wannan ba ita ba ce. Karanta sanarwa da kyau kafin ka biya kuɗi.

2. Haɗa kaya

Kayan ba su da yawa. Ɗamarar ƙirji wadda ba ta matse kafaɗa, mai zobe a gadon baya. Igiya mai tsawon ƙafa 20 zuwa 40, domin haka doka ta ce. Ɗauki mai 40, ka yi ƙulli daidai ƙafa 20, ka ƙara wani kusa da ƙarshe don hannunka ya sanar da kai igiya ta kusa ƙarewa ba sai ka duba ba. Tsofaffin safar hannu na fata guda huɗu ko biyar. Ƙananan tutoci na waya kamar goma. Littafi da biro. Ruwa da kwanon sha. Nama da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, mai taushi, wanda za a haɗiye ba sai an tsaya tauna ba. Kai ma ka nemi takalmin da ba ya shan ruwa, da safar hannu taka, don igiyar leda idan babban kare ya fizge ta, tana ƙona tafin hannu.

Game da kuɗi, ɗamara ce kaɗai ta cancanci ka ɗan saki hannu. Sauran duk masu araha ne, wasu ma suna cikin gidanka. Inda kuɗin gaske ke tafiya shi ne man mota: neman fili sau uku a mako, da tafiya wata jiha ranar jarrabawa, wani sa'in har da kwana a masauki. Kuɗin shiga kowace ƙungiya ke yanka nata, yana rubuce a takardar sanarwa.

Hattara: kada ka sa wa kare wannan ɗamara don yawo. A bakin tuta ake sa ta, a kan safar hannu ake cire ta. Cikin 'yan makonni, da zarar ya ji ta a jikinsa ya san aiki ya zo.

3. Koyi zana taswira kafin ka taɓa kare

Wannan shi ne matakin da kowa ke tsallakewa, kuma shi ke dawowa ya cije shi. Idan ba ka san ainihin inda sawu ya bi ba, ba ka da ikon cewa kare ya yi daidai ko ya kuskure. Za ka yabe shi a kan kuskure, ka tsawata masa a kan gaskiya.

Auna yadi 100, ka taka shi da tafiyarka ta yau da kullum, ka ƙirga. Yanzu ka san awon takunka. In za ka miƙe zango, zaɓi abubuwa biyu a gabanka, ɗaya kusa ɗaya nesa, misali turken shinge da wata bishiya can bayansa, ka riƙe su a jere a idonka har ka kai. Da abu ɗaya, ko ka rantse kana tafiya sak, baka kake yi. A kowace kwana ka tsaya ka rubuta: taku nawa, me ke gaba, me ke gefe, me ke ƙasa. “Kwanar hagu, taku 2 bayan ramin gafiya, sandar lantarki ta uku a jere da rufin rumbu.” Ka haɗa da lokacin da ka taka, inda iska ke fitowa, da yanayin ciyawa.

Nemi izinin mai fili. Ka kuma tambaya ko an yi feshin magani kwanan nan.

4. Sa safar hannu ta zama abin so

Kare na iya bin yadi 500 ba tangarɗa, ya tsallake safar hannu bai ko kalle ta ba, shi ke nan ya faɗi. Saboda haka tun a tsakar ɗaki ake fara wannan. Ajiye safar a ƙasa. Ya shinshina ta, ba shi nama. Bayan kwana biyu, sai ya kwanta a kanta, ko ya zauna, ko ya ɗauko ta, sannan a ba shi. Duk wanda ka zaɓa ya yi, muddin alƙali daga nesa zai gane an nuna wani abu. Ni kwanciya na fi so, don tana ba kare 'yar hutawa, kuma in nan gaba aka kai ga kayan ƙarfe, ba kowane kare ke son sa su a baki ba.

5. Sawun farko

Da sanyin safiya, ciyawa da raɓa, tsayinta bai wuce idon sawu ba, kuma kare bai karya kumallo ba. Ɗaure shi inda zai gan ka, ko wani ya riƙe shi. Kafa tuta, ka tattake wurin da kyau kamar faɗin tabarmar ƙofa, ka zuba nama uku ko huɗu. Daga nan ka miƙe da gajerun taku, iska na bayanka, nama ɗaya a cikin kowane sawu ko kowane na biyu, har taku 15. Ajiye safar hannu da nama mai yawa a kanta. Ci gaba da tafiya kamar taku 10, sannan ka yi babban zagaye ka dawo ta inda iska ba za ta kwaso warinka ta kai kan sawun ba.

Dalilin sa iska a baya shi ne wari na gudu gaba, ba ya zuwa ya tarbi kare, dole ya sunkuyar da kai ya nema. In ka fuskanci iska, zai ɗaga hanci ya shaƙo safar daga nesa ya ruga, ya koyi farauta a sama maimakon bin ƙasa.

Kawo shi da abin wuya har kusa da tuta, sa ɗamara, mayar da igiya zoben baya. Bar shi ya cinye na gindin tuta. Ya sa hanci gaba, ka faɗi kalmarka ɗaya, “nemo” ko duk wadda ka zaɓa, ka bi shi a kusa, ƙafa 6 ya isa. Ya kauce, ka tsaya cak. Ba faɗa, ba ja. Ya dawo kan sawu, ka motsa. Darasin ke nan gaba ɗaya: in yana kan sawu ana tafiya, in ya sauka an tsaya. Ya kai safar, yi masa biki kamar ya tsinto zinariya.

Uku irin wannan a rana, sau uku ko huɗu a mako. Ƙara tsawo a hankali, taku 30, 50, 100, kana tazara tsakanin naman, kana kuma sakin igiya kaɗan-kaɗan har ka kai ƙulli na ƙafa 20.

Hattara: kada ka riƙa nuna masa nama da yatsa. Kwana uku kacal zai koyi kallon hannunka, ya bar hancinsa. In tururuwa ta rufe naman, canza fili, kare da aka ciza a hanci yakan daɗe bai manta ba.

6. Kwana

Nan ake cin jarrabawa, nan ake faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe.

Sai ya iya miƙaƙƙen zango na yadi 100 ba gargada sannan ka sa kwana. Ta farko ta zama buɗaɗɗiya, kamar lanƙwasar hanya, ka ƙara taka bayanta sau biyu, ka ajiye nama taku 5 bayan an juya. Bayan kwana, ba a kanta ba, don lada ta wanda ya warware ce. A hankali kake matse ta har ta zama kwana sosai irin ta kusurwar ɗaki. Yi ta hagu, yi ta dama, kada ka jera iri ɗaya. Akwai karnukan da suka koyi cewa kullum dama ake bi, saboda mai su haka ƙafarsa ta saba.

Yanzu aikin idonka. Duk kare in ya wuce kwana wari ya yanke masa, yana da alamar da yake yi, kuma ba iri ɗaya ba ce. Wani kai yake ɗagawa. Wani wutsiya ce ke tsayawa ko ta canza kaɗawa. Wani sai ka ji numfashin nan na sauri ya ɗauke. Karena kunnensa na hagu ke juyawa baya, sannan igiya ta yi sanyi a hannuna, kamar wanda ke jan guga igiyar ta tsinke. Wata biyu na yi kafin na lura, sai da wani ya ɗauke mu a bidiyo daga baya na zauna na kalla.

Da ka ga alamar, tsaya. Kada ka ƙara taku ɗaya. Kare zai fara zagaye, kai kuma kana tattara igiya in ya matso, kana saki in ya yi nisa, kana ɗaga hannu sama kada ta naɗe masa ƙafa. Fuskarka ta ci gaba da kallon inda kuka dosa tun farko. In ya ja wani ɓangare, ɗan riƙe shi, ka bar igiya ta sulale a tafinka da ɗan nauyi, kamar kana tambayarsa, “Ka tabbata?” Kare mai gaskiya zai sa ƙirji ya ja, kai ƙasa, jiki a miƙe. Mai dubawa kawai zai saki ya dawo. Na farkon ake bi.

In ya zagaya ko'ina bai samu ba, mai yiwuwa kun wuce kwanar tare. Sai ka ja da baya taku-taku lokacin da shi ya nufi bayan, don ya sami damar bincika inda kake tsaye. Sau da yawa mai kare a kan kwanar yake tsaye, ya tokare hanya.

Hattara: kafaɗarka na magana. In ka san kwanar hagu ce, jikinka zai karkata hagu ba ka sani ba, kuma za ka saki igiya da sauƙi a can, ka riƙe a dama. Kare na karanta wannan fiye da yadda kake zato. A horo sai ka ga kamar gwani ne, ashe kai yake bi.

7. Tsufan sawu

Sabon sawu wari biyu ne a haɗe: na jikin mutum, da na ciyawar da aka murƙushe da ƙasar da aka tayar. Da lokaci ya ja, rana da iska suna canza su. Fara da minti 5, ƙara biyar-biyar. Yawancin karnuka sukan yi tuntuɓe a wani wuri tsakanin rabin awa da awa ɗaya, su yi kamar ba su taɓa bin sawu ba. Ba taurin kai ba ne. Gajarta sawun, mayar da nama, riƙe tsufan sawun a nan har ya wuce, sannan ka ci gaba zuwa awa 2 da ɗan ɗori.

Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci ɗaya. Ranar da ka ƙara tsufa, rage tsawo. Ranar da ka je sabon fili, rage kwana. Ka kuma fita cikin yayyafi, da iska, da rana tsaka, don ba ka san wace sa'a ƙuri'a za ta ba ka ba.

Hattara: kare mai haki ba ya shinshina da kyau, kuma zafi na kisa. Harshe ya zazzago, tsaya ka ba shi ruwa. Koya masa sha a tsakiyar sawu ya koma aiki, don doka ta yarda da ruwa a jarrabawa. Kun dawo gida, duba shi saboda kaska, da ƙaiƙayin ciyawa a kunne da tsakanin yatsu.

8. Sawun da ba ka sani ba

Cire tutocin kwana ɗaya bayan ɗaya. Rage nama har ya zama sai a ƙarshe, daga nan kuma ya koma aljihun mai taka sawu ko cikin mota, domin ranar jarrabawa ba a shiga fili da abinci ko abin wasa. Sannan nemi mutane daban-daban su taka maka, maza da mata, masu nauyi da marasa nauyi, kada su faɗa maka inda suka bi. Mai takawa ya biyo bayanka da taswirarsa, bakinsa a rufe, sai in kun yi nisa da sawu. A sami wasu biyu su riƙa binku suna hira, don kare ya saba da alƙalai a bayansa.

Sawuna na farko irin wannan, a kwana ta uku kare ya ja dama, wajen wani fili fetal. Ni kuwa na riga na yanke a raina cewa hagu ne, don akwai wata ƙatuwar bishiya can, kuma na ce ai duk mai hankali ita zai sa a gaba. Na dasa ƙafa. Ya ja sau uku, na hana. A na huɗu ya juyo ya kalle ni, ya bi hagun da nake so, muka yi ta tafiya cikin ciyawar da ba wanda ya taka. Mai taka sawun da ta gaji ta ce, “Malam, tun ɗazu fa ya gaya maka.”

Irin wannan sau ɗaya a mako ya isa. Sauran ranaku ka koma sawun da ka sani, don a can ake gyara.

9. Takardar shaida da neman gurbi

Ba a shiga TD kai tsaye. Sai wani alƙalin bin sawu na AKC ya gwada karenka a kan sawu daidai da na jarrabawa, ya sa hannu cewa ya isa. Takardar tana da wa'adi, kuma ainihinta ake haɗawa da fom ɗin shiga, ba kwafi ba. Kare na buƙatar lambar rajista. Wanda ba shi da takardar asali akwai hanyar da AKC ta tanadar masa, sai dai ka duba sanarwa ka ga ko ƙungiyar na karɓar irinsa a wannan karon.

Gurbi kaɗan ne, domin kowane kare filinsa daban, kuma alƙalai biyu ba sa wuce sawu 12 na TD a rana. In masu nema sun fi gurbi yawa, ƙuri'a ake yi bayan an rufe karɓa, ba wanda ya riga aikawa ba. Sauran su shiga jerin masu jira. Ka faɗo a jerin, kuma wurin ba nisa, je ka da karenka. Mutane na janyewa.

Kafin naka ya zo, ka ba da kanka a matsayin mai taka sawu a wata jarrabawar. Ranar jajibiri za ka bi alƙalai suna tsara fili suna kafa tutoci, washegari ka taka kai kaɗai kana cire su. Abin da za ka gani a kwana biyun nan ya fi wata guda na karatu.

10. Ranar jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku kafin ranar ka bar kare ya huta, kada ka gwada sabuwar ɗamara ko sabon abinci. Isa da wuri, don da safe ake jefa ƙuri'ar wanda zai bi wane sawu. Zagaya da shi ya yi fitsari da bayan gida nesa da filayen. Zazzage aljihunka, ko ɓurɓushin nama kada ya rage.

An kira ka, warware igiya a baya tun kafin ka isa, sa ɗamara a gaban alƙalai. A gindin tuta kada ka yi gaggawa. Wani bincike da Peter Hepper da Deborah Wells suka wallafa a 2005 daga Jami'ar Queen's ta Belfast ya nuna ƙwararrun karnuka na gane inda mutum ya dosa daga sawu 5 kacal, amma fa sai sun sami damar shaƙa. Bar shi ya cika hancinsa da ƙyallen, sannan ka ɗauka ka soke a ƙugu. Kana iya sake shinshina masa a hanya. Tsaya a tuta har ƙulli na ƙafa 20 ya iso hannunka, sannan ka bi. Daga nan ba ka matsowa ƙasa da haka, sai in igiya ta sarƙe za ka warware.

In farawar ta rikice kuma bai wuce tuta ta biyu ba, kana iya roƙon alƙalai su bar ka ka sake, sau ɗaya tak. Magana ta ƙarfafa gwiwa ba laifi. Nuna ƙasa da hannu, ko jan sa zuwa wani ɓangare, ko shiga gabansa, jagora ne, kuma faɗuwa ce. Kada ka waiwaya kana neman amsa a fuskar alƙali, sun ƙware wajen shanye fuska.

Ka ji usur, an faɗi ke nan. Kada ka cire ɗamara ka juya. Galibi akan bar mai taka sawu ya raka ka ku ƙarasa, don kare ya sami safarsa ya koma mota da nasara a ransa. Roƙi a nuna maka taswirar alƙalai, ka ga daidai inda kuka rabu da sawun, ka rubuta a littafinka tun a wurin.

In kuwa ya kwanta a kan wani abu cikin ciyawa, saki numfashi, bi igiya ka isa gare shi, ɗauki safar ka ɗaga ta sama yadda alƙalai biyun za su gani. Akan ba ka ita ka tafi da ita, wani lokaci da sa hannunsu a jiki. Daga nan in kana da sauran ƙarfi, mataki na gaba, wato TDX, na jira: yadi 800 zuwa 1,000, sawun da ya yi awa 3 zuwa 5, wurin juyawa 5 zuwa 7, kaya 4 maimakon ƙyalle da safar nan biyu, shinge ko rafi ko kurmi a hanya, da wasu mutum biyu da za su gitta sawun don ruɗa kare. Tuta ɗaya ce a mafari, ba mai nuna maka gabas ko yamma.